Injiniyan da Ya Ƙare a Toshe Rami

Duk waɗanda suka yi karatu tare da Eilert Rodewald a Hanover, da haƙa rijiyar mai suka yi suna. Shi kuwa Allah Ya haɗa shi da toshe rami, kuma ba don yana so ba.

A shekarar 1899 wani ƙaramin kamfani ya turo shi wani ƙauye a bayan garin Celle, inda mai ya fara fita a gonakin dankali. A can, man da ke ƙarƙashin gona na mai gona ne, gonakin kuwa rabon gado ya tsattsaga su sun zama sirara. Kowa sai ya ga an kafa injin haƙa a nasa zirin. Wannan bai dami Eilert sosai ba. Abin da ke hana shi sakat shi ne rijiyar da ta ƙafe.

Kafin a kai ga mai, sai an ratsa ruwan gishiri da ke samansa, kuma bututun ƙarfe ne ke tare ruwan. Da rijiya ta daina bayarwa, sai mutanen nan su zare bututun su kai sabon wuri, su bar rami baki buɗe, ruwa yana tsiyaya ƙasa yana bin man kowa da kowa. Maganin abin bai wuce a cika ramin da amalanke shida na yumɓu ba, aikin kwana huɗu. Kwana huɗu kacal! Amma kai ka ce idonsu ya ce su cire su ba shi.

Ya faɗa a ofis, ya faɗa a bakin coci. Ranar bikinsa da Gesine Lührs ma sai da ya jawo kofi biyu yana nuna wa dangin amarya yadda ruwa ke korar mai, har miya ta huce. Manaja ya ce masa, "Rodewald, mun ɗauke ka ka fito mana da mai ne, ba ka binne mana yumɓu ba." Sau uku ana ƙarin girma ana tsallake shi. Ƙauye kuma ya laƙaba masa Sarkin Yumɓu.

Wata safiya ya tarar da Cord, wan matarsa, ya ɗaura dawakai biyu yana jan bututu daga matacciyar rijiyar gonarsa.

"Yaya Cord, don girman Allah dakata. Ni zan kawo yumɓun da kaina."

"Kai, Injiniya, ka cika mita! Ramin da bai kai bakin tukunya ba, wane ruwa zai bi ta nan?"

"Dare da rana, shekara da shekaru? Kogi guda!"

"To, ka ji! Ashe boka ƙanwata ta aura. Matsa can, kada doki ya taka maka takalmin birni."

Eilert ya koma gida yana huci, ranar ko cokali bai ɗaga ba.

A 1913 rijiyar da ta fi kowacce albarka ta fara aman ruwan gishiri. Kafin shekara biyu, duk famfon da aka buga a arewacin ƙauyen ruwa yake kawowa, da ɗan maiƙo a sama kamar romon talaka. Aka taru a gidan giya ana neman mai laifi, sai Cord ya miƙe ya nuna Eilert da yatsa.

"Ina amfanin karatunka? Kana tsaye abu ya lalace!"

"Ni? Shekara goma sha shida ina faɗa muku!"

"Ai matsalar ke nan. Kullum cikin faɗa kake. Ta ina za mu gane ranar da kake da gaske?"

Abin da ya fi ƙona wa Eilert rai shi ne, duk ɗakin suka gyaɗa kai.

Kamfanoni suka kwashe injunansu suka yi gaba. Ciyawa ta rufe bakin ramuka, har wata rana saniyar Cord ta zurma ƙafa a ɗaya ta karye. Nan da nan ƙauye ya tashi tsaye, aka je wurin hukuma, cikin sati guda doka ta fito cewa a toshe kowane rami. Abin da injiniya ya tsufa yana roƙo, saniya ta samo shi da ƙafa ɗaya. Tunda kuma Eilert kaɗai ya san inda kowane rami yake, shi aka ba aikin.

Ramuka ɗari biyu da goma sha biyu ne. Shekara tara ya yi a kansu. Leburori suka ce a ɗora katako a watsa ƙasa a wuce, ya ƙi. Kowanne sai ya cika shi tun daga gindi, yana dandaƙawa yana zagi ƙasa-ƙasa.

Wata rana Gesine ta kai masa burodi da cuku gona, ta same shi durƙushe, furfura duk laka.

"Baban Trina, wai wa kake tsare wa? Ai babu sauran mai a ƙasan nan."

Ya goge hannu a wando, ya karɓi burodin.

"Na san haka ake cewa, Gesine. Amma ni kaɗai ne na san yawan man da aka bari a ciki."