Tsaka a Gindin Kwano

Sai da na shanye furar tas na ga wutsiya. Tsaka ce matacciya a gindin kwanon. Tun ina ƙarama nake jin cewa duk wanda ya ci abin da tsaka ta faɗa ciki, kuturta za ta kama shi. Na dubi yatsuna, na fashe da kuka.

Inna ta aika a kira ɗiyar maƙwabtanmu a nan Bukoki, wadda ta gama jami'a bana da yabon malamanta. Da ma dariya muke mata, don kullum tana ɗibar jinin tsaka da ƙadangare, tana binciken yadda jikinsu ke yaƙar cuta.

Da ta iso, ta ɗaga tsakar da tsinke.

"Ƙanwata, ba ta da dafi, ba ta sa kuturta. Sau nawa suka cije ni? Gudawa kawai za mu yi tsoro. Mu ga kwana uku."

Kwanakin nan, ko cikina ya yi ƙugi sai na yi salati. Ran na uku da la'asar ta leƙo, ta tambaye ni cikina, ta taɓa goshina.

"Lafiyarki lau, matsoraciya. Tashi ki ci tuwo."