Baba Yoyo da But ɗin Mai Littattafai

A layin masu gyaran motoci, rumfar ƙarshe kusa da famfo, nan Baba Yoyo yake. Ba shi ya zaɓi sunan ba. Shekara ashirin ya yi yana gyaran famfo a gidajen mutane, duk wanda ya zo kiransa maganar ɗaya ce, "Baba, yoyo!", har kalmomin biyu suka manne suka zama suna. Da fari yakan ɓata rai. Daga baya da kansa ya sa aka rubuta shi da jan fenti a allon rumfa.

Wani direba maƙwabcinsa ne ya jawo shi harkar mota. Mutumin ya ishe shi da ƙorafi cewa but ɗin motarsa na wari kamar jiƙaƙƙen tsumma, kanikawa uku sun duba sun ce lafiya lau. Baba Yoyo ya ɗage kafet, ya ciro safayar taya, sai ga ruwa kwance a raminta, har da tsutsar sauro na iyo. Ya yi dariya. A aikin famfo ya daɗe da sanin cewa inda ka ga ruwa ya taru, da wuya a ce nan ya shigo. Kafin la'asar ya gano robar bayan danja ce ta bushe ta tsage. Direban ya baza labari a tasha, damina ba ta ƙare ba sai da Baba Yoyo ya kama rumfa.

Aikin na mutum biyu ne. Sai ya kwashe komai daga but, ya goge shi ya bushe ƙayau, ya barbaɗa hodar jarirai a lunguna don ta nuna sawun ruwa. Sannan ya shiga da tocila a rufe shi, wani kuma ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga waje, daga ƙasa zuwa sama. Mai riƙe tiyon matarsa ce. Wata rana ta kawo masa abincin rana, ta tarar da shi yana ta waige-waigen wanda zai zuba masa ruwa, ta ajiye kwano ta karɓa. Shekara tara ke nan. 'Ya'yansu huɗu duk sun girma sun kama gabansu, ita kuma ta ce zaman gida ita kaɗai ya fi riƙe tiyo gajiyarwa. Yana ce mata Injiniya, tana ce masa Malam. Idan ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ta ƙara sama, sau biyu ta tsaya, sau uku ta buɗe shi.

A tsawon shekarun nan motar da ta kusa zubar masa da suna ɗaya ce, kuma ta ƙanin matarsa ce. Mutumin littattafai yake sayarwa, yana zagaya makarantu da su a bayan 'yar ƙaramar motarsa. Tsakaninsa da Baba Yoyo kuwa ba a gaisuwa sai da tsokana.

Wata rana ya iso da safe fuska a murtuke, ya buɗe but ya ɗauko wani ƙamus da ya kumbura ya zama kamar burodi.

"Mijin Yaya, dubi abin da ruwan jiya ya yi mini. Kwali biyu!"

Baba Yoyo ya juya littafin yana jinjina kai. "To ai ilimin ne ya ƙaru, Auta. Da shafi ɗari biyar ne, yanzu ya kai dubu."

"Yaya, kin ji mijinki ko?"

"Na ji," in ji ta tana warware tiyo. "Kwashe kayanka mu gani."

Kwana biyu Baba Yoyo ya yi a kan motar nan. Ya bi robar murfin but da yatsa, ba tsaga. Ya kwance danjojin biyu, robobinsu sababbi. Ya cire bamba ya leƙa 'yan tagogin iska da ke ɓoye a bayanta, suna rufewa daidai. Ana zuba ruwa bai ga ko ɗigo ba, amma in aka bar motar aka je cin abinci, sai a dawo a tarar da ruwa ya kai kofi guda a ramin safaya.

Gaskiyar magana, but ɗin ya yi masa kaɗan. Tumbi ya fito, gwiwar hagu ta daina yi masa biyayya. In ya naɗe a ciki gefe ɗaya kawai yake iya kallo, minti biyar kuma ya ƙwanƙwasa sau uku. A rana ta biyu da ya zo fitowa ƙafarsa ta riƙe, sai da Auta da mai walda na rumfar kusa suka kama shi suka zaro shi kamar buhu. Auta ya yi dariya har da zama a ƙasa.

"Mijin Yaya, ko dai in kai ta wurin yaran zamani?"

Maganar ta sosa masa rai fiye da yadda ya nuna. Ya zauna a benci yana murza gwiwa, yana tunanin ko lokacin barin aikin ne ya zo. Matarsa ta dube shi, ta kashe famfo, ta miƙa masa tiyo.

"Malam, ba ni tocilar."

"Ki yi me da ita?"

"Shekara tara ina jin labarin cikin but a bakinka. Yau zan gani da idona."

"Injiniya, da zafi fa a ciki. Ga duhu."

"Wanda ya yi shekara talatin a ɗakin girki kake gaya wa zafi?"

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta cire takalmi, ta shige ta zauna daram, har da sauran wuri. Baba Yoyo ya rufe murfin a hankali kamar mai rufe akwatin ƙwai. Sai da ya kama tiyon ya gane bai taɓa tsayawa a wannan gefen ba. Kowane minti sai ya kara baki a jikin mota: "Kina lafiya?" Ita kuma ta ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Ya zuba a bamba, ya zuba a danja, ya hau murfi, ya kai gilashin baya. Nan yake tsayar da ita kullum, rufin bai samun komai sai ɗan abin da ya fantsama. Ƙwanƙwasa ɗaya ta sake fitowa. Ya ɗaga tiyon zuwa rufin mota, inda aka ɗaura kariyar ɗaukar kaya, ya jiƙa shi sharkaf. Shiru. Ya kashe ruwa, ya kai hannu zai buɗe.

"Kar ka buɗe!" muryarta ta fito a dakushe. "Bar ni tukuna."

Minti goma sha biyar suka yi a tsaye, shi da Auta, suna kallon but kamar masu jiran ɗakin haihuwa. Can sai ga ƙwanƙwasa uku da ƙarfi.

Ta fito jiƙe da gumi, hoda har a gira, tana murmushi. Ta kama hannun mijinta ta cusa can cikin lungun dama na sama, inda wasu wayoyi suka sauko daga rufi. Ya ji sanyin ruwa a kan wayar, yana gangarowa ɗigo-ɗigo.

Baba Yoyo ya miƙe, ya bi layin wayar da ido har rufi, ya tsaya a kan ƙafar kariya ta dama. Noti uku na kamfani ne. Na huɗun wani dogon sukuru ne da aka huda rufin da shi, ba roba ba gam.

"Auta, wa ya ɗaura wannan?"

Auta ya hau sosa ƙeya. "Wato... notin ne ya ɓata, sai na ga ai ƙaramin aiki ne."

"Kai ka huda motarka da hannunka," in ji yayarsa, "ka bar mijina kwana biyu a naɗe kamar tabarma?"

"Yaya, wallahi na manta."

Wannan karon Baba Yoyo ne ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zare sukurun, ya kankare tsatsar da ta fara ci, ya shafa fenti, ya cika hudar da gam, ya sa noti mai roba. Suka bar but a buɗe rana ta busar da shi, Auta kuma aka tura shi sayo lemo mai sanyi, hukuncin da yayarsa ta yanke masa.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana ɗaukewa Auta ya bugo waya yana ihu cewa ko takarda ɗaya ba ta jiƙe ba.

Tun daga lokacin suka raba aiki. Manyan motoci nasa, ƙanana nata. Ya saya mata tocila irin wadda ake ɗaurawa a goshi, ta ce ta yi mata nauyi, amma kullum tana cikin jakarta. Da babbar 'yarsu ta zo ganin gida ta biyo rumfa, ta tarar da mahaifinta shi kaɗai yana shayar da wata mota ruwa, ta tambayi ina Mama. Ya nuna but da haɓa, ya ce ta yi magana a hankali, ana aiki.