Kwamin Ruwa a Bayan Katangar Coci

Ni dillalin shanu ne, kuma ban gaji sana'ar ba. Da awaki biyu na fara a kasuwar Kalgo, har Allah ya kai ni ga bijimai. Tsarina shi ne in sayi ramammu bayan kaka, in kai su wurin wani dattijon Bafulatani da ke da ruga tsakanin Gwandu da Dalijan, ya riƙe mini har gab da babbar salla. Baffa nake kiransa. Mun daɗe tare, ko ɗan maraƙi bai taɓa ɓatar mini ba.

A wata bazara tafkin da yake shayarwa ya ƙafe tun kafin lokacinsa. Sai ya koma kora garke zuwa wata fadama mai nisa, zuwa da dawowa su cinye wunin, shanu ba su sami kiwo ba. Da na je na ga bijimaina, haƙarƙarinsu duk a waje. Duk abin da na tara a rayuwata yana tsaye a kan waɗannan ƙafafun da ke rawa.

Ruwa mafi kusa da rugar yana wani ƙaramin coci a gefen garin Gwandu. Mutanensa malaman makaranta ne da ma'aikata da 'yan tireda, yawancinsu daga kudancin jihar. Rufin cocin bai ƙare ba suka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Na daɗe ina lura da su, don dillali ba ya wuce wuri bai auna shi ba. Matan unguwa suna ɗibar ruwa can, ba mai tambayarsu addini. Ran Asabar malamansu suna koyar da yaran unguwa lissafi. Idan naƙuda ta kama mace, tsohuwar motar Fasto ake bugawa.

Da Faston ya ji halin da makiyaya suke ciki, sai ya sa aka yanka durom aka jera a cikin harabar cocin, ya aika rugage cewa duk mabuƙaci ya kawo shanunsa, ruwa kyauta ne. Sati biyu ko tinkiya ba a kawo ba.

Na sami Baffa na ce masa ga ruwa a bakin hancinmu.

Ya ce, "Alhaji, mi suka ce? Mabuƙaci. Ni da garken ubana in shiga gidan mutum, mata na wanki suna kallona, a ce an ba ni sadaka?"

"Baffa, kunyarka za ta kashe mini jari."

"Kwashe naka ka kai su da kanka. Ni ba ni zuwa."

Ya san bijimaina ba za su bi ni ba, muryarsa suka sani. Na tashi raina a ɓace na nufi cocin.

Na tarar da Faston a gindin darbejiya tare da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, shugabar matan cocin, wadda kowa ke kira Mama. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, gaya mini gaskiya. Tsoron coci suke yi?"

Na ce, "Fasto, nono nawa matansu suke sayar muku? Ba tsoro ba ne. Kai ka ɓata cinikin tun daga tayi. Ka kira mai shanu mabuƙaci, ka kuma ce ya shigo cikin gida. Bafulatani ya gwammace ya kwana da ƙishi."

Mama ta tafa hannu. "Ban faɗa maka ba? Ka ce ni tsohuwa ce mai yawan magana."

Na zaci zai kare kansa, kamar yadda manya suka saba idan an nuna musu kuskure. Sai kawai ya ce, "To me yake da shi wanda muke buƙata?"

Tambayar ta burge ni, don tambayar ɗan kasuwa ce. Na leƙa bayan katanga, ga gonar cocin, ƙasa fara fat, ta gaji. A ƙasarmu manomi ne ke zuwa ya roƙi makiyayi ya zaunar da garke a gonarsa da rani don ta sami taki, shi kuma ya kula da baƙonsa. Mai shanu a nan shi ne mai bayarwa. Na ce, "Taki. Ka je ka roƙe shi. Sannan ka fitar da ruwan waje, ka gina kwami a bakin gona."

Faston ya dubi wani tarin bulo da ke gefe. Mama ta ce, "Na ƙarin ɗakinka ne fa. Yaranka huɗu a ɗaki ɗaya."

"Matata za ta yi fushin sati guda."

"Biyu," in ji Mama. "Na san ta."

Ran Lahadi Faston ya gaya wa jama'arsa, suka yarda. Washegari mazansu suka fasa katanga suka ja bututu, malaman makaranta da hannayensu masu laushi suna kwaɓa siminti. Ni na kawo birkila daga Kalgo.

Muka tafi ruga da goro. Faston ya cire takalmi, ya tsuguna, ya yi doguwar gaisuwa yadda na koya masa, ya tambayi shanu kafin iyali. Sannan ya ce, "Baffa, roƙo ya kawo ni. Gonarmu ta mutu. Ko za ka taimaka mana da garkenka su kwana biyu a kai?"

Baffa ya daɗe yana juya goron a hannu. "Kuna da ruwa wurin? Shanu ba su zama inda ba ruwa."

"Akwai ɗan kaɗan."

"To. Sai na duba."

Kwana uku yana dubawa. A cikinsu wani jan bijimina ya faɗi a hanyar fadama, sai yankawa aka yi. Na so in koma in yi masa faɗa, na danne, don na san idan na matsa ciniki zai watse.

Ran na huɗu da hantsi ina zaune bakin gonar na hango ƙura. Baffa ne a gaba, sanda a kafaɗa, da garkensa da nawa da na wasu rugage biyu. Bai kalli kowa ba. Ya zagaya kwamin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya ɗanɗana ruwan.

"Wa ya gina wannan? Raƙumi za ku shayar? Maruƙa ba su kai baki."

Faston ya ce, "A gafarce mu, Baffa. Yaya za a yi?"

"Zuba ƙasa ta wannan gefen."

Faston ya naɗe hannun riga ya ɗauki shebur, Baffa yana tsaye a kansa yana nuna masa da sanda, nan, a'a, can. Ni kuwa na tsaya ina kallon bijimaina sun tsoma baki, maƙogwaronsu yana hawa yana sauka, har cikin kowanne ya ciko.