Ran da Su Kaka Suka Ja Mayafi

Mu murhunmu hita ce ta lantarki, wata 'yar ƙarama mai sanda biyu da ke yin ja, a falon council flat ɗinmu, gidan hayar gwamnati, na Stratford a London. Da an idar da magariba, Kaka, mahaifiyar Mama, za ta jawo kujera gabanta, ta miƙe ƙafafu cikin safar Baba, ni da ƙanwata mu baje a kafet. Da Hausa take ba mu labari, mu amsa da Turanci, ta harare ni ta ce, "Maigida, kai ba cefane, ba Hausa. Me zan yi da miji irinka?"

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai guda da take cewa ita ba tatsuniya ba ce. Lokacin tana sabon aure a Zariya, maza na jefa ƙuri'a, mata kuwa ko kusa da layin ba a barinsu. Sai maƙwabciyarsu, Ladi mai ƙosai, ta dinga bin gida-gida tana tara su don su fita neman 'yancin ƙuri'a. Ran da suka fita, 'yan doka suka tare su da kulake. Ba wadda ta gudu.

"Da ido buɗe muka sha dukan nan," in ji Kaka. "Ƙura na lafawa sai ga wani ɗan jarida da kyamara a wuya. To ka san matar aure ba ta tsayawa baƙon namiji ya ƙare mata kallo. Ba wanda ya ce mu yi, kowacce dai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ladi ce kaɗai ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu, marar kunyar."

Hoton ya fito a jarida. Da shi aka gane Ladi, aka kama ta, aka aske mata kai, mijinta ya sake ta. Sauran suka koma gida suka ɗora tuwo. Nan Kaka take cewa mu tashi mu yi homework.

Ni fa da na girma hoto ya shiga raina. Ba wanda ya koya mini, a waya na koya, kyamarar ma second hand ce. Bara na je wani gidan tarihi kallon hotunan matan Ingila da suka yi irin wannan faɗan a nan London. Don Allah ku je ku gani. Sun san abin da suke yi, fararen kaya suke sawa don su fito fes a jarida, har kati suke bugawa da fuskokinsu suna sayarwa. Yawancinsu ga suna a ƙasa. Na fito na ce ai Kakata ma tana da nata.

Na yi booking a wata library mai ajiye tsofaffin jaridun Najeriya, na yi ta tono har na same shi. Ladi a tsakiya, kewaye da mayafai kamar an jera buhuna. Sauri nake yi, don Kaka ta fara mantuwa, kuma duk waɗanda suka fita tare sun rasu.

Na kai mata. Nan take ta ce, "Ladi," ta shafa takardar.

"Ke fa, Kaka? Wacce ce ke a ciki?"

Ta bi su da yatsa, ta dawo, ta sake bi. Sannan ta kifa hoton a cinyarta.

"Matan mutane ne, Maigida. Bar kallonsu."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne mutum ya zama kamar Ladi. Yanzu ban sani ba. Ita da ta nuna fuska ta rasa gidanta, su da suka rufe, ba wanda zai taɓa sanin sun je. Na ƙara girman hoton a kwamfuta, mayafi bayan mayafi, har ya koma ɗigo-ɗigo. Na iya gyaran haske, na iya gyaran duhu. Ɗaga mayafi ne ban iya ba.