Cigiyar Ɗan Shatu

Rigimarmu da Hadijatu a kan suna ta fara. Muna zaune a makarantar matan unguwarmu a Daura, ta ɗora kwamfuta a kan turmin da aka kife, ta kara wa aminiyata Shatu abin ɗaukar murya a baki, wai ta faɗi sunan ɗanta na fari, wanda take sakayawa da Babba.

Na ce, "Ke 'yar nan, a gidanku ba a koya miki kunya ba? Wace uwa kika ji tana kiran sunan ɗan fari, kamar mai tallan gyaɗa?"

Ta ce, "Iya, in ta ce Babba, Babba nawa ne a Libiya?"

Hadijatu 'yar Maliki mai gyaran rediyo ce. Tun tana ƙarama ba ta iya zama; in an aike ta sayen gishiri sai a tsince ta a shagon uban tana kwance sukurori. Da ta girma ta koyi kwamfuta a wani shagon buga takardu. Shekarun da aka kawo shari'a, ƙungiyoyin mata suka ce su mace suke so ta koya musu, sai ta samu abin yi. Yau tana Mai'adua wajen masu ƙuli-ƙuli, gobe tana wajen masu saƙa, jaka a kafaɗa, mayafi duk ƙura.

Ɗan Shatu kuwa shekara shida da bin hanyar Agadas zuwa Libiya, ko wasiƙa babu. Shatu ta daina cin kirki, ko babur ya tsaya a ƙofa sai ta miƙe. Hadijatu ta ce a ɗauki cigiya da muryar uwar, a tura ta intanet wa Hausawan da ke can. Shatu ta buɗe baki sau uku, sunan ya ƙi fita.

Kwana biyu Hadijatu tana safa da marwa, ta fita ta dawo. Rana ta uku ta tsaya a kaina.

"Iya, tunda bakinki ba ya gajiya, ke ki faɗi sunan. Ita ta faɗi sauran."

Na ce, "Harisu ɗan Badaru na Daura." Shatu ta ɗora: "Babba, ni ce. In kana da rai ka yi magana." Hadijatu ba ta haɗa muryoyin da kanta ba. Ta kama yatsan Shatu, ta nuna mata inda za ta danna, ta sa ta maimaita har sau bakwai, ina gefe ina mita.

Aka tura, wata uku shiru. Sai ga wayar Harisu daga garin Sabha na Libiya. Yana nan, yana aikin gidan burodi. Ya yi kuka, ya ce zai zo bayan salla. Salla biyu ta wuce, bai zo ba. Shatu ta koma zaman ƙofa.

Ana haka matan Baure suka aiko neman Hadijatu. Ta bar wa makarantarmu tsohuwar kwamfutar, ta zo sallama tana ta juya jaka, ta kasa haɗa ido da Shatu.

"Iya, ko in fasa tafiyar har ya dawo?"

Na ce, "Ke da ba kya iya zaman minti biyar? Kama hanyarki. Shatu ta iya dannawa, ni kuma bakina lafiya lau. Duk Juma'a sai mun aika masa, har ya gaji ya taho."