Ga Ni, Malam

Ran da shugaban makaranta ya miƙo mini rajistar ajina a nan Gummi, warinta ne ya fara dukana, warin takardar da ta sha damina a cikin kabad, haɗe da garin alli. Ban san sa'ad da na zauna a kan benci ba. Ya ce ko lafiya, na ce jiri ne. Ƙarya na yi masa. Warin nan ne ya ɗauke ni ya dire a ƙauyenmu, can tsakanin Anka da Bukkuyum, ina 'yar shekara tara.

A shekarar ne sautin gidanmu ya canza. Da, in ka ji tabarya da hantsi, ka san gero ake dakawa. Sai aka samu zinare a dajinmu, maza suka riƙa shigowa da duwatsu a buhu, ana fasawa a tsakar gida. Turmin da Inna ke dakan fura, shi aka koma zuba wa dutse. Ƙarar ba ta da daɗi ko kaɗan, har cikin haƙora kake jin ta. Wani gari mai laushi ya kwanta a kan komai, tabarma, faifai, har tafin hannun jarirai masu rarrafe.

Agwagi ne suka fara tafiya. Kakata, mahaifiyar Baba, tana da su da yawa, kuma ta san kowacce da halinta. Wata safiya ta tarar da uku kwance a gindin randa, ba rauni, ba komai. Kafin bazara ta yi nisa, babu agwagwa ko ɗaya a ƙauyen. Kaka ta tsaya a bakin zaure tana saurare, ta ce, "Wanga shiru bai yi min ba." Daga nan sai yara. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga, ido ya kafe. Wasu suka ce iskokin rami ne suka biyo duwatsun har gida. Babu wanda ya taɓa jin wani abu wai shi gubar dalma, balle ya san tana cikin garin dutsen nan.

Ana cikin haka aka turo mana sabon malami, saurayi ɗan Gummi, bai daɗe da gama kwaleji ba. Riga a goge, biro uku a aljihu. Aji ɗaya zuwa uku duk ɗaki guda aka haɗa masa mu. Mutumin kirki ne, wallahi, amma tsoronmu yake ji, yanzu da na tsaya inda ya tsaya na gane haka. In zai kira suna, sai ya tusa kai cikin rajista, ya kira, a ce "Ga ni, Malam", ya ja alama, ya wuce. Bai taɓa ɗago ido ba. Ya kuma kafa doka: wanda ya yi mako biyu bai zo ba, za a soke sunansa da jan biro.

Ƙanwata tana aji ɗaya. Yarinya ce mai son makaranta har da ban haushi, tun asuba take tashina. Da ciwon ya kwantar da ita, abin da ya dame ta jan biron nan ne. Ta kama bakin zanena ta ce, "Yaya, in an kira ni ki amsa min." Na iya muryarta sarai, siririya, da ɗan ja a ƙarshe. Kullum na dawo sai ta tambaya ko na amsa, in ce na amsa, sai ta lumshe ido.

Ranar wata Talata aka kai ta makwancinta. Bayan sadakar uku na koma makaranta. Malam ya kira sunanta, kafin in yi tunani bakina ya ce, "Ga ni, Malam." Ya ja alama. Kashegari ma haka. A lokacin ne na lura ba ni kaɗai ba ce. Muryoyi suna fitowa daga inda bai kamata ba, wannan yana amsa wa ƙanensa, waccan tana amsa wa 'yar baffanta. Tabarmin gaba, inda ƙanana ke zama, suna ta yin fili, rajista kuwa cike take. Ba mu taɓa yin shawara a kai ba, ba mu ma kallon juna in muna yi.

Akwai wata rana da har gobe ban san yadda zan faɗe ta ba. Hadari ya haɗu da hantsi, ɗakin ya yi duhu. Malam ya kira sunanta, na kasa amsawa. Sai na ji daga bayana, siririyar murya da ɗan ja a ƙarshe: "Ga ni, Malam." Tsikar jikina ta tashi. Na waiga. Ni ce ta ƙarshe a layin, bayana bango ne. Na tambayi yaran ajin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ai ni ce na amsa. Ku ɗauke shi yadda kuka ga dama, ni dai na san bakina a rufe yake.

Ranar da za a ba da hutu Malam ya zo da fensira sababbi, ya ce kyauta ce ga waɗanda suka fi kowa zuwa makaranta. Ya kira sunan ƙanwata, ya ce ta fito ta karɓa. Babu wanda ya motsa. Ya sake kira, hannunsa a miƙe da fensir. A karo na uku ne ya ɗago kai, ya dube mu, ya dubi tabarmin gaba. Na ga leɓensa yana ƙirga mu. Fensirin ya faɗi ƙasa, kuma babu wanda ya ɗauka.

Da la'asar ya zo gidanmu ta'aziyya, ya durƙusa a gaban Kaka, ya kasa haɗa gaisuwar. Ita kuwa Kaka ba ta iya rarrashi ba.

Ta ce, "Kai ne malamin? Wata nawa ke nan?"

Ya ce, "Inna, ban sani ba. Kullum ana amsawa."

"Awo, ana amsawa. Ɗan nan, ni ban iya boko ba, amma in awakina sunka shigo da marece, huskar kowace nike dubawa. Ɗiyan mutane anka ba ka, ba takarda ba."

Ya yi kuka a tsakar gidanmu, babban mutum da biro uku a aljihu. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa.

Da aka koma makaranta, Malam ya shigo ajin kamar wani mutum daban. Ya daina zama wajen kiran suna. Sai ya bi layi, ya tsaya gaban kowane yaro, ya kira shi yana kallon idonsa, ya tambayi ƙannensa na gida. Kiran suna kaɗai yana cin rabin awa, muna ta gunaguni. A haka ya kama ni. Ya ce me ya sa nake karkata kai in ana magana, me ya sa alli ke suɓuce mini. Ni kaina ban lura ba. Ranar ya bi ni gida, ya zauna a zaure, ya ce ba zai tashi ba sai Baba ya yarda a kai ni wurin likitocin da suka zo Anka. Baba ya ce ai ciwon na ƙanana ne. Kaka ta leƙo ta ce a ɗauko babur. Aka auna jinina, aka samu gubar dalma, aka riƙe ni a can. Kunnena na hagu bai dawo ba, amma ga ni.

Yanzu an daina fasa dutse a tsakar gidanmu, an kankare ƙasar an zuba wata, Kaka ta riga mu gidan gaskiya. A kwaleji an koya mana tsara darasi da riƙe aji, duk na rubuta na ci. Amma da na tsaya gaban yara masu yawa, idanu duk a kaina, sai na ji wuyana yana sunkuyawa cikin rajista da kansa. Ashe ɓuya ce, kuma da daɗi.

A mako na uku da fara koyarwata na kira sunan wata yarinya mai zama kusa da taga. Aka ce, "Ga ni, Malama." Da kunne ɗaya ba na gane inda sauti ke fitowa, saura kaɗan in ja alama. Na ɗago kai. Wurinta fili ne. Can kusa da ƙofa wata babba ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, kuma na san wannan sunkuyon. Ban yi mata faɗa ba. Na rufe rajistar, na je na durƙusa a gabanta, na ce, "Tun yaushe take kwance?"

Ta ce, "Yau kwana huɗu."

Na ce, "Ɗauko takalminki, ki nuna mini gidan."