Yashin Ɗanliti

Shekarun da gero ya ƙi, Ɗanliti na Bagwai ya ƙudura sai ya shiga soja, ko gidansu ya samu na tuwo. Ya ji wai masu gudu nauyi suke ɗaurawa, sai ya ɗura yashi a tsofaffin safa ya ɗaɗɗaure a idon sawu. Kullum yana zaga gonaki da gudu, ƙasa na girgiza, jakuna na kallo.

Uwarsa Hure ta ce, "Kai ɗan nan, cikin da ba ko koko ne zai ja wannan kaya?"

Ranar tantancewa gwiwoyinsa sun kumbura kamar kabewa, tun zagayen farko aka ce ya koma gefe. Yanzu ko bin garma ba ya iyawa. Safan kuwa su ke danne kwanon ɗakinsa.